Ruɓewar hanji a ɗakin bakwaini: me ke kawo ta, me ya sa take zuwa a jere?

Daga watan Maris zuwa Agustan 2018, jarirai fiye da 40 suka kamu da ciwon hanji iri ɗaya a asibitin mata da yara na Rahima Moosa da ke Johannesburg, 9 daga ciki suka rasu. Yawancinsu bakwaini ne. Hukumar da ke sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa a Afirka ta Kudu ta tura masananta, aka ɗebi samfur, aka yi ta gwaje-gwaje, daga ƙarshe rahoto ya fito ba tare da an ce ga ƙwayar cutar da ta yi ɓarnar ba. Wanda ya saba da labarin kwalara ko sanƙarau zai ga kamar rufa-rufa ake yi: yaya za a ce annoba ta ci yara tara a sashe ɗaya, amma ba a san abin da ya kawo ta ba? Likitocin jarirai kuwa ba su yi mamaki ba, domin haka wannan ciwo ya sha yi musu. Wanda ya gane dalilin hakan ya gane yawancin abin da ke faruwa duk sanda cuta ta ɓarke a ɗakin bakwaini.

Likitoci suna taƙaita sunan ciwon da haruffa uku, NEC. A Hausance ruɓewar hanji ce, kuma muguntarta tana cikin lokacin da take zuwa. Yaron da aka haifa da wata bakwai, nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, ya tsallake kwanakin farko da kowa ke tsoro. Numfashi ya daidaita, ya fara karɓar nono ta siririyar robar da aka zura masa ta hanci zuwa ciki. Mai jego ta fara sakin jiki, dangi sun fara tambayar yaushe za a fito da shi daga kwalba. Sai a mako na biyu ko na uku nas ta zo ba shi abinci, ta ja sirinji ta ga na ɗazu bai wuce ba, ya dawo, kuma kore. Ciki ya ɗaga yana sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗau a kan fata. A famfas ɗinsa akwai ɗigon jini. Yaron da jiya yake wutsil-wutsil yau ya yi laƙwas, yana ɗauke numfashi jefi-jefi, bugun zuciya yana sauka. In aka ɗauki hoton ciki sai a ga 'yan kumfar iska a cikin naman bangon hanjin kansa, iskar da ƙwayoyin cuta suka samar bayan sun kutsa ciki. Tun 1978 wani likitan tiyata a Amurka, Martin Bell, ya kasa ciwon mataki uku, daga zato zuwa tabbaci zuwa tsanani, kuma har yau a kan tsarinsa ake tafiya bayan 'yan gyare-gyare.

Maganin da ake yi bai canza sosai ba tun wancan zamani. A tsayar da ciyarwa gaba ɗaya, a riƙa zuƙe iska da ruwan ciki ta roba, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako ɗaya zuwa biyu, a ciyar da yaron ta jijiya in asibitin yana da halin hakan. In hanji ya fashe sai tiyata, a yanke ɓangaren da ya mutu. A ƙasashen da suke da kayan aiki, kimanin 7 cikin 100 na jariran da ba su kai gram 1,500 ba suna kamuwa, kuma 20 zuwa 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa tashi. Daga cikin waɗanda suka rayu, wasu hanjin da ya rage musu ya yi gajartar da ba zai iya tsotse abinci ba, sai su yi watanni ko shekaru ana ciyar da su ta jijiya.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su kawo ciwon: hanjin da bai gama ƙosawa ba, ƙwayoyin bakteriya, da abincin da ya shiga. Na farkon shi ya fi ba da mamaki. A bangon hanji akwai wani sinadari da ake kira TLR4, aikinsa ya gane wani rukunin bakteriya ya tayar da garkuwar jiki. Binciken David Hackam, likitan tiyatar yara a Jami'ar Johns Hopkins, wanda ya yi a kan ɓeraye da kuma naman hanjin da aka yanke daga jarirai, ya nuna cewa hanjin ɗan tayi yana ɗauke da wannan sinadari da yawa, saboda a cikin mahaifa yana taimakawa wajen gina hanjin, kuma a can babu tarin bakteriyar da za ta tsokane shi. Kafin wata tara ya cika yawansa ya ragu. Bakwaini kuwa ya fito da shi a cike. Da bakteriya ta taɓa shi sai martani ya wuce kima: ƙwayoyin halittar jikin yaron da suka lulluɓe cikin hanji su mutu, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke, nama ya rasa jini ya ruɓe. Wato rabin ɓarnar ƙwayar cuta ce, rabi kuma jikin yaron ne ke yi wa kansa.

Hanjin sabon jariri tamkar sabuwar gona ce da aka share aka bari: dole wani abu ya tsiro, kuma wanda ya riga fitowa shi ke cinye wurin. Yaron da ya cika wata tara, aka haife shi aka ɗora wa uwarsa a ƙirji, bakteriyar jikin uwa da ta nononta ce ke fara shiga. Bakwaini kuwa daga haihuwa an yi gefe da shi zuwa kwalba, galibi an sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta tun ranar farko, abin da ke taɓa shi hannun ma'aikata ne da roba da filasta. Masu bincike a Pittsburgh sun gwada kashin bakwaini tare da abin da suka goge daga wurin wanke hannu da sauran kayan ɗakin, suka tarar da irin ƙwayoyi ɗaya a nan da can. A 2016 kuma wani bincike da masana a St. Louis suka jagoranta ya nuna cewa kafin ruɓewar hanji ta bayyana, dangin bakteriyar da su Kilebsiyela da Ikolai suke ciki sukan yi yawa a hanjin yaron, su danne sauran.

Daga nan za a ga abin da ya sa ake iya samun annoba babu mai laifi guda. Ba lallai sai wata baƙuwar ƙwaya ta shigo ba. Ya isa a ce yanayin ɗakin ya lalace na 'yan makonni, jarirai sun yi yawa, hannu ya yi kaɗan, nonon uwa bai wadata ba, sai ƙwayoyin asibiti iri-iri su mamaye hanjin yara da yawa a lokaci ɗaya. Wannan ya kamu da wannan, wancan da waccan, ciwon kuma ɗaya. Kuma hanjin nan shi ne ma'ajiyar da ƙwayoyin ke fita su shiga jini. Shi ya sa ɓarkewar cutar jini da ruɓewar hanji suke yawan tafiya tare, ko da a rahoto an raba su.

Wani lokaci kuwa akan kama ƙwayar dumu-dumu. A watannin Yuni da Yulin 1998, jarirai 12 suka kamu da ruɓewar hanji a wani asibiti a Beljiyam, tagwaye maza biyu suka rasu. Goma daga cikinsu madarar gari iri ɗaya aka ba su. Aka samu ƙwayar da yanzu ake kira Koronobakta a jikin wasu daga cikin jariran, aka kuma same ta a gwangwanin da ba a ma buɗe ba. Da aka daina ba da madarar, ciwon ya tsaya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba har yau shi ne, madarar gwangwani ta gari ba ta zuwa a tsarkake daga ƙwayoyin cuta, komai tsadarta. Ba a iya dafa gari yadda ake dafa ruwa, kuma Koronobakta tana jure bushewa na tsawon lokaci. Saboda haka ne a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama ta da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, abin da yaro ya rage kuma a zubar bayan awa biyu. Wannan ƙwayar ce ta sa kamfanin Abbott ya janye madararsa ya rufe masana'antarsa ta Sturgis a jihar Michigan a Fabrairun 2022, har Amurka ta yi watanni cikin ƙarancin madarar jarirai.

Hanyoyin da ƙwaya ke bi ta isa ga yaro ba su da wani girma a ido. A Ireland ta Arewa jarirai huɗu suka rasu tsakanin Disamban 2011 da Janairun 2012, ɗaya a Derry uku a Belfast, aka bi sawun wata ƙwayar cuta mai suna Sudomonas har cikin bakin famfon ɗakin, wanda ake ɗibar ruwansa a goge wa yara jiki wajen canza famfas. A birnin Oklahoma, daga 1997 zuwa 1998, jarirai 46 suka ɗauki wannan ƙwaya, 16 suka rasu, aka same ta a hannun ma'aikatan jinya biyu, ɗaya mai dogon farce ɗaya mai farcen kanti. Tun daga irin wannan ne aka hana ajiye farce a ɗakin jarirai. A asibitin Geisinger da ke Pennsylvania a 2019, jarirai uku suka rasu, tushen kuwa kayan da ake auna nonon da wasu mata suka bayar gudummawa da su ne.

Wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce al'adar raba magani ɗaya ga yara da yawa. Ranar 16 ga Disamban 2017, jarirai huɗu suka mutu cikin ƙasa da awa biyu a asibitin Jami'ar Ewha da ke Seoul a Koriya ta Kudu. An samu ƙwayar Sitirobakta a jininsu, masu bincike kuma suka ɗora zargi a kan gora ɗaya ta ruwan mai na ciyarwa ta jijiya, wadda aka rarraba cikin sirinji da dama aka ajiye kafin a sa wa yaran. Dalilin rabawar kowa ya san shi: kamfani yana ɗura magani daidai jikin babba, bakwaini kuwa 'yan mililita kaɗan yake buƙata, zubar da sauran kuma asara ce da babu mai son ya ɗauka. A babban asibitin koyarwa na Edward Francis Small da ke Banjul, binciken da Dokta Uduak Okomo da abokan aikinta suka yi kan jariran da aka kwantar a 2016 ya gano ɓarkewar ƙwayoyi biyu, ciki har da Kilebsiyela mai jure magani, kuma an same su a ruwan da ake ƙara wa yara da magungunan allura da aka riga aka haɗa ake ɗiba. Leda ɗaya, allura ta shiga ta fita sau da yawa a yini, a ɗaki mai ɗumi, ga sukari a cikin ruwan. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitocinmu ya san wannan leda da ake rataye wa ana ɗiba.

Abin da ya biyo baya a Seoul ma abin dubawa ne. An gurfanar da likitoci da ma'aikatan jinya bakwai, kotu ta wanke su a 2019 bisa cewa ba a tabbatar rabon maganin ne ya jawo mutuwar ba, kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2022. A Tunisiya, da jarirai 15 suka rasu a asibitin Rabta a Maris na 2019 sanadin gurɓataccen abincin jijiya, ministan lafiya ne ya ajiye aiki. Fushin iyaye hakkinsu ne, kuma inda aka yi sakaci ya kamata a hukunta. Amma ni a ganina gaggawar neman mutum ɗaya a rataya wa laifi tana da illar da ba a cika lissafa ta ba: nas da ta san za a iya ɗaure ta, gobe in ta ga yara uku da kumburin ciki a mako ɗaya ba za ta yi saurin ɗaga murya ba. Annoba kuwa a ɗakin bakwaini da saurin ɗaga murya ake kashe ta.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma a yawancin labaran nan in aka tona sai a tarar da cunkoso. A asibitin Tembisa na Afirka ta Kudu jarirai 17 suka kamu da ƙwaya mai jure manyan magunguna a watannin Nuwamba da Disamban 2019, 10 suka rasu. Ɗakin gado 44 gare shi, amma hukumomi da kansu sun ce yakan ɗauki kusan 90. A Birtaniya ƙa'idar ita ce nas ɗaya ga jariri ɗaya a sashen masu tsanani, ɗaya ga huɗu a sashen waɗanda suka fara murmurewa. To a ƙaddara nas ɗaya ce da jarirai 20, kowanne ana ciyar da shi duk bayan awa uku. A aikin awa 12 ciyarwa 80 ke nan. In za ta goge hannu da sinadari na daƙiƙa 30 kafin ta taɓa kowane yaro da kuma bayan ta taɓa shi, minti 80 sun tafi a goge hannu kaɗai, ba a zo maganar allura da canza famfas da yaron da ya ɗauke numfashi a ƙarshen ɗaki ba. Ana iya manna takardar "wanke hannunka" a kowane bango, lissafin dai ba zai fita ba. Ga shi kuma sinadarin gogewa ba ya kashe ƙwayayen Kulostiridiyam, dangin da aka danganta da ɓarkewar ruɓewar hanji a Faransa da Kanada. Waɗannan sai sabulu da ruwa mai gudu, abin da ba kowane ɗakin jarirai ke da shi dare da rana ba.

Matakan da ke tsayar da annoba in ta taso sanannu ne, kuma suna aiki ko ba a gano ƙwayar ba: a ware masu ciwo wuri ɗaya da ma'aikatansu daban, a dakatar da karɓar sababbi, a daina raba magani da kayan awo, a wanke ɗaki da kwalabe ƙal. Wahalar tana wajen dakatar da karɓa, domin in asibitin shi kaɗai ne a yankin, rufe ƙofa hukuncin kisa ne ga yaron da za a haifa gobe.

Sai maganar maganin kashe ƙwayoyin cuta, inda likita yake gaba kura baya sayaki. Alamomin cutar jini a bakwaini ba su da bambanci da alamomin bakwainci kansa, kuma in cutar ce, jinkirin 'yan awoyi yana iya kashewa. Don haka ake fara magani kafin sakamako ya fito. Matsalar tana wajen dainawa. A 2009 wani bincike a Amurka kan jarirai kimanin 4,000 da ba su kai kilo ɗaya ba, waɗanda gwajin jininsu bai nuna ƙwaya ba, ya gano cewa waɗanda aka ci gaba da ba su magani kwana biyar ko fiye sun fi kamuwa da ruɓewar hanji ko mutuwa. Ana iya cewa dama waɗanda suka fi jin jiki ne ake daɗewa ana ba su, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma hanyar da abin ke bi a fili take: magani ya share bakteriya masu amfani, masu taurin kai na asibiti su samu fili. Haka maganin rage tsamin ciki irin su ranitidin, wanda a da ake ba bakwaini masu tumbiɗi, aka gano yana ƙara haɗarin, saboda tsamin cikin nan shi ke kashe ƙwayoyi kafin su gangara hanji.

A nan ne lamarin ya taɓo mu kai tsaye. Nijeriya ce ta uku a duniya wajen yawan haihuwar bakwaini, kimanin 774,000 a ƙiyasin 2020, bayan Indiya da Pakistan. Tsakanin 2015 da 2017 an yi wani babban bincike mai suna BARNARDS a ƙasashe bakwai, asibitin Murtala na Kano da wasu biyu a Abuja suna ciki. Kilebsiyela ce ta fito a sahun gaba cikin ƙwayoyin da ke shiga jinin jarirai, kuma a rukunin ƙwayoyin da take ciki, kashi 97 cikin 100 ba sa jin amfisilin, kashi 70 ba sa jin jentamaisin, magunguna biyun da aka saba farawa da su. Likitan da ba shi da ɗakin gwajin da zai ba shi amsa cikin kwana biyu ba shi da hujjar tsayar da magani, sai ya ci gaba, in yaro bai ji sauƙi ba ya hau na sama. Kowane hawa kuma yana horar da ƙwayoyin ɗakin. Ɗakin gwaji mai aiki, a wannan fuska, kayan kare hanji ne kamar yadda sabulu yake.

Cikin duk abin da aka gwada, babu wanda ya kai nonon uwa. A 1990 Alan Lucas da Tim Cole suka wallafa bincike kan bakwaini 926 a Ingila: waɗanda aka ba madara zalla sun ninka masu shan nono zalla sau shida zuwa goma wajen kamuwa da ciwon. Nono yana ɗauke da garkuwar da jikin uwa ya ƙera, wadda ke manne wa miyagun ƙwayoyi a hanji, da wasu nau'o'in sukari da jariri ba ya iya narkarwa, abincin bakteriya masu amfani ne, da sinadaran da ke kwantar da TLR4 ɗin nan. An yi ƙoƙarin ciro abu ɗaya a ba da shi daban. Laktoferin, furotin da ke hana ƙwayoyi samun sinadarin ƙarfe, an gwada na saniya a kan jarirai fiye da 2,000 a Birtaniya, sakamakon 2019 ya nuna bai rage komai ba. A shekarar kuma wani gwajin ya rushe tsohon tsoron cewa saurin ƙara yawan abinci ne ke kawo ciwon: ba a ga bambanci tsakanin masu sauri da masu a hankali ba.

A Amurka maganar ta kai kotu. A 2024 masu taya alƙali hukunci a Illinois suka ci kamfanin Mead Johnson dala miliyan 60, na Missouri suka ci Abbott miliyan 495, kan cewa ba su gargaɗi iyaye game da haɗarin madarar bakwaini ba. A watan Oktoban shekarar manyan hukumomin lafiya uku na ƙasar suka fitar da matsaya cewa babu tabbatacciyar hujja madarar ce ke haddasa ciwon, abin da hujja ta nuna shi ne rashin nono yana cire kariya. Kamar wasa da kalmomi ne, amma bambancin yana da nauyi, domin akwai yaran da in babu madarar yunwa ce za ta kashe su. Ba da bakteriya masu amfani a baki ma haka yake a tsakiya. Gwajin Ostareliya da New Zealand na 2013 ya ga ciwon ya ragu daga kashi 4.4 zuwa 2, na Ingila na 2016 da wani iri daban bai ga komai ba, a 2023 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan wani bakwaini ya mutu da ƙwayar da aka ba shi a matsayin kariya.

Abin da ke hannunmu ya fi waɗannan araha, sai dai yana karo da al'ada. Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, a ce bai da kyau, alhali shi ne mafi yawan garkuwa. Bakwaini ba ya iya kama nono, don haka sai uwa ta tatsa, tun cikin awoyin farko, sau bakwai ko takwas a yini har da dare, ko da abin da ke fita ɗigo ne. Nas ta tara ɗigon da ƙaramin sirinji daga kan nono, ta shafa a cikin kumatun yaron. Wannan aiki ba ya yiwuwa in uwa tana wani gini daban, ko tana kwana a baranda, ko an ce ta leƙo ta taga sau biyu a yini don kada ta shigo da cuta. Tsoron nan a juye yake: ƙwayoyin jikin uwa su ake so su riga na asibiti. Dabarar ɗaura bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata, wadda Dokta Edgar Rey ya fara a Bogota a 1978 saboda ƙarancin kwalabe da yawan kamuwa da cuta, an gwada fara ta nan take bayan haihuwa a Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da kuma Ile-Ife. Sakamakon 2021 ya nuna mutuwa cikin kwana 28 ta sauka daga kashi 15.7 zuwa 12.

Saura yaron da uwarsa ta rasu, ko take kwance rai a hannun Allah, ko nonon bai zo ba. A ƙasashe da yawa amsar ita ce bankin nono: a gwada mai bayarwa, a dafa nonon a digiri 62.5 na minti 30, a daskarar. Burazil tana da fiye da 200, Kenya ta buɗe nata a asibitin Pumwani a 2019. A wajenmu akwai hukuncin shayarwa, kuma ba abin da za a kewaye ba ne. A mazhabar Malikiyya duk nonon da ya isa cikin yaro a shekara biyun farko yana haramta aure, ko da tsotsa ɗaya ce, ko da ɗura aka yi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta hana bankin nono a zamanta na Jidda a 1985 saboda gudun cakuɗewar nasaba. Sheikh Yusuf al-Ƙaradawi ya halatta, majalisar fatawa ta Turai ta bi wannan ra'ayi a 2004, Singafo ma ta samu fatawar halasci a 2017. Mai bin Malikiyya ba lallai ya natsu da waɗannan ba.

Sai dai abin da aka hana shi ne nonon da aka gauraya ba a san masu shi ba. Shayar da ɗan wata kuwa tsohon abu ne a wurinmu, Annabi (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. Wasu asibitoci a Kuwait da Malesiya a kan haka suka gina tsarinsu: mace ɗaya ga yaro ɗaya, iyalan biyu su san juna, a rubuta sunaye a ba kowa takarda. Za a iya yin irinsa a Kano ko Zinder ba tare da jiran babban gini ba, in dai an gwada mai bayarwa cutar ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere, akwai firjin da wuta ba ta yanke masa, akwai kuma rajistar da za a iya nemowa bayan shekara ashirin in maganar aure ta taso. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, kuma sai malamai sun zauna da likitocin yara sun amince a kan wanda zai riƙe rajistar.